Shekarar da Baba Ya Daina Cin Tuwona

Na san abin da kuke ji a bakin dangi idan an taru wajen biki, domin ni ma ya sha dawowa kunnena. Ana cewa wai kakanku, Alhaji Sule mai lemo na kasuwar Zuba, ya taɓa yin fushi da ni har ya daina cin abincina saboda an kama ni ina caca a ofis. Ƙanwata Asabe ma takan ƙara wa labarin gishiri, ta ce har karta aka gani a jakata. To, rabin maganar gaskiya ne, ya daina cin abincina wata bakwai cur. Ɗaya rabin shi ya sa na zauna rubuta wannan babi tun da sauran waɗanda za su ƙaryata ni idan na yi ƙarya. Ba na jin kunyar shekarar nan ko kaɗan. Da za a ce in zaɓi shekara guda cikin duk shekarun aikina in yi tutiya da ita, ita zan ɗauka, duk da a cikinta ne na yi faɗuwar da ta fi kowace fitowa fili.

Lokacin soja sun daɗe da komawa bariki, kuɗin mai sun shigo, Abuja tana ta tashi ta ko'ina. Ka bi ta wani fili yau, in ka dawo bayan wata uku sai ka tarar da bene. Ni kuwa ina aiki a wata hukumar bincike ta gwamnatin tarayya, ofishinmu yana bayan tashar Utako, inda tun safe har tashi ba ka jin komai sai kiran 'yan kamasho da gurnanin janaretanmu. A nan nake zaune gaban kwamfuta ina aikin da har yau wasunku ba su iya faɗa wa abokansu ko mene ne ba, sai su ce Mama likita ce amma ba ta allura ba.

Bari in yi muku bayaninsa sau ɗaya, ku riƙe. A cikin zuciyar kowace ƙwayar zarra akwai wani ɗan mitsitsin abu da ake kira firoton. A Turai ana gina wata ƙatuwar na'ura a ƙarƙashin ƙasa a lokacin, wadda za ta kori firoton biyu da gudun da ba a taɓa yi ba, ta gwara su da juna. Idan suka yi karo, ƙarfin gudun nan yakan rikiɗe ya zama sababbin ƙwayoyi da yawa su fantsama. Kamar ka gwara ƙwarya biyu ne, maimakon sakaina sai ka ga kwanuka da ludaya suna fitowa. Waɗanda ke ɗauke da cajin lantarki a cikinsu sukan bar sawu a na'urar, don haka ana iya ƙirga su. Aikina shi ne in kwaikwayi wannan karo a cikin kwamfuta tun kafin a yi shi da gaske, in faɗi ƙwayoyi nawa masu caji ya kamata a gani. Matsalar ita ce babu karo biyu da suke zama iri ɗaya, kuma babu mai iya cewa ga yadda na gaba zai kasance. Saboda haka kwamfutar takan jefa ƙuri'a a kowane mataki, ta yi karo na ƙarya dubbai a kan dubbai, sannan mu duba abin da ya fi yawan fitowa. Waɗanda suka ƙirƙiro wannan dabara sun laƙaba mata sunan wani gari a Turai da ya shahara da gidan caca. Da sun san abin da sunan nan zai jawo mini a Zuba, wataƙila da sun nemi wani.

Shugaban sashenmu, Oga Yohanna, mutumin Yangoji ne, shi ya koya mini aikin tun daga tushe, kuma har gobe ina yi masa fatan alheri. Mutum ne mai son raha, Hausarsa kuwa irin ta Abuja ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ranar sunan Sadiƙu, autanku, ya zo gidanmu da rana tsaka, aka zaunar da shi kusa da Baba a ƙarƙashin rumfa, aka kawo musu nama. Ina tsaye ina gaishe su sai ya so ya yabe ni a gaban mahaifina.

“Alhaji, ka haifi yaro mai kai,” in ji shi. “Wannan 'yar naka, duk ofishinmu babu wanda ya kai shi iya caca.”

Baba ya yi murmushi, ya ɗauka wani karin maganar 'yan boko ne, ya tambaye shi wace irin caca. Shi kuma bawan Allah, maimakon ya ga idon da nake yi masa, sai ya gyara zama ya shiga bayani tiryan-tiryan: sunan garin, girman gidan cacar, da yadda kwamfutata ke wuni tana jefa ƙuri'a, gwamnati kuma tana biyana a kan haka. Abin da bai sani ba shi ne Baba yana da ƙane, Baffa Isa, wanda ya cinye gonar gadonsu a tabarmar karta, ya ƙare rayuwarsa yana kwana a tasha. A gidanmu ko ludo ba a yarda yaro ya shigo da shi ba.

Ni sunan mahaifiyar Baba na ci, don haka bai taɓa kirana Hadiza ba, Uwata yake ce mini. Ya juyo ya dube ni da tsokar nama a hannunsa.

“Uwata, haka ne?”

Da na ce wasa Oga yake yi, da magana ta mutu a nan, kowa ya yi dariya. Amma ban taɓa yi wa mahaifina ƙarya ba, kuma ban ga dalilin da zan fara ranar sunan ɗana ba.

“Sunan haka yake, Baba. Ƙuri'ar ma ana jefawa. Amma ba caca ba ce.”

Ya mayar da naman cikin faranti, ya wanke hannu, ya zauna har aka yi la'asar don kada mutane su fahimta, sannan ya tafi.

Tun da na fara ɗaukar albashi na ɗora wa kaina wata al'ada. Duk Asabar nakan tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe da hannuna, in zuba a kula in kai masa Zuba. Ba don Inna ba ta iya girki ba, a'a, don dai yana son a ce 'yarsa mai digiri uku ita ta tuƙa. Yakan kira maƙwabtan rumfarsa ta kasuwa su ci tare, yana cewa ku ɗanɗana tuwon gwamnatin tarayya. Asabar ɗin farko bayan na yi arba'in na kai kamar kullum. Da na tashi tafiya Inna ta miƙo mini kular, na ji ta da nauyi yadda na kawo ta. Na koma zaure wajensa, ya yi mini magana ba tare da ya ɗaga murya ba.

“Dakta, ban yi miki baki ba, ban kuma hana ki gidana ba. Amma abin da aka saya da kuɗin wannan aiki ba zai wuce maƙogwarona ba.”

Dakta fa ya ce. Wallahi kalmar nan ta fi mini kular zafi. Na yi kuka tun daga Zuba har na shigo gari, na tsaya a bakin titi na ba masu gadin wani gini tuwon, domin na kasa shiga gida da shi.

Daga nan kowa ya zama mai ba da shawara. Inna ta ce abin ai mai sauƙi ne, in je in ce masa na bar aikin an mayar da ni wani sashe, tunda ba zai taɓa zuwa Utako ya duba ba. Babanku ya ce a kai wa Baba malami ya warware masa, Baba ya aiko cewa shi ba fatawa ya nema ba, abin da idonsa ya gani a kan ƙanensa ya ishe shi karatu. Sai kuma ga wata ƙofa ta buɗe da gaske. Ana ta ƙirƙiro sababbin kujeru a lokacin, aka ce akwai gurbi a sashen mulki, da ƙarin girma da mota, ba abin da zan riƙa yi sai sa hannu a takardu da zuwa taro. Na karɓi fom ɗin, na cika shi tsaf, ya yi mako uku a cikin jakata. Abin da ya hana ni miƙa shi ba son kwamfuta ba ne kawai. Na ga cewa in na bar aikin don wannan dalili, to na amsa cewa caca ce, kuma duk tuwon da ya ci a hannuna shekara da shekaru, har da wanda ya ciyar da abokansa, haram na ba shi. Na gwammace ya yi fushi da ni a kan gaskiya da ya yafe mini laifin da ban yi ba. Ku kuma kun san ni da taurin kai, kun kuma san inda na gado shi. Ban fasa tuƙa tuwon Asabar ba, shi ma bai fasa mayar da shi ba.

Wata Asabar, a wata na huɗu na fushin nan, ban same shi a gida ba sai na bi shi kasuwa. Na tarar an kawo masa mota guda ta lemo daga Binuwai, yana shirin dubawa kafin a sauke. Tun ina yarinya nake ganin yana wannan aiki, amma sai ranar na lura da yadda yake yi. Ya hau motar da tsufansa, ya kau da kai gefe kamar mai jin kunyar suruki, ya cusa hannu cikin lemon ya zaro guda. Ya matsa gaba, ya sake kau da kai, ya zaro wani daga can ƙasa. Haka ya yi ta yi, gaba da baya da tsakiya, har ya cika ɗan kwando, sannan ya sauko ya zauna yana yankawa yana dubawa. Daga kwandon nan kaɗai zai faɗi yadda motar gaba ɗaya take, kuma da wuya ya kuskure. Na tambaye shi me ya sa ba ya kallon abin da yake ɗauka.

“In na kalla, mai kyau idona zai kai ni. Sai in cuci kaina da kaina.”

Murna ta kama ni. Na ce masa Baba, ai wannan shi ne aikina, ba ragi ba ƙari. Ba zan iya duba kowane karo ba kamar yadda ba zai iya yanka kowane lemo ba, kuma ƙuri'ar da kwamfuta ke jefawa kau da kai ce kawai, don kada son raina ya zaɓar mini amsa. Na yi ta zuba, har maƙwabtansa suka matso suna gyaɗa kai. Na ɗauka na gama da shi. Ya bari na kai aya, ya goge wuƙarsa a gefen buhu.

“Isa ma ya iya bayani, ya fi ki ma. Ni abu ɗaya na sani game da ɗan caca. In ya ci, gari duk sai ya ji. In aka cinye shi, sai ya sake zubawa, ya ce wancan ba a lissafa shi. Ke in taki ta fito ba yadda kike so ba, yaya kike yi?”

Na ce faɗa nake yi yadda ta fito. Ya ce to, Allah ya nuna mana. Na koma gida da kulata, amma ranar ban yi kuka ba, domin na gane a karon farko cewa ba sunan garin Turawa ne damuwarsa ba.

Allah kuwa ya nuna mana, ba da daɗewa ba. Na'urar Turai ta fara aiki, aka fitar da ƙirgen farko ga duk mai so ya gani. Ni tuni na gama nawa hasashen watanni kafin haka, na buga shi, na sa kwanan wata, na ajiye a fayil. Da safe na zana ƙirgena da nasu a takarda ɗaya, kowanne da layinsa, na zauna ina kallo. Nawa yana ƙasa. Ƙwayoyi masu caji da suka fito da gaske sun fi waɗanda na ce za a gani, kuma ratar ba irin wadda za a ce kuskuren ido ba ce. Shekara biyu na aiki, ga shi abin da Allah ya halitta ya ce mini ban daidaita ba.

A makon ne kuma ake jiran manyan baƙi daga ma'aikatar da ke sama da mu, waɗanda za su yanke ko sashenmu zai samu sababbin kwamfutoci da kujerar zuwa Turai a yi aiki da masu na'urar. Sunana ne a kan kujerar. Oga Yohanna ya shigo ya ga takardar, ya rufe ƙofa. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi, yana da ma'aikata a ƙarƙashinsa da yake so ya ga sun ci gaba. A cikin lissafin namu akwai wasu ma'aunai da ake iya murɗawa kaɗan, layin ya hau ko ya sauka. Murɗa su bayan an ga sakamako ba laifi ba ne, haka ake gyara aikin ko'ina a duniya, muddin ka faɗi cewa bayan ka gani ne ka gyara. Abin da ya nema daban ne. In murɗa, in sake jefawa har layin ya hau kan nasu, sannan a bar tsohon kwanan wata a kai.

“Madam, waɗannan mutane ba su san firoton ba, ba su san komai ba,” in ji shi. “Layi biyu ya haɗu, shi ke nan, su tafa, ka tafi Turai.”

Ina jinsa, amma muryar da ke kunnena ta mai lemo ce, yana cewa sai ya sake zubawa, ya ce wancan ba a lissafa shi. Ba zan ɓoye muku ba, na so Turai ƙwarai. Na riga na sayi rigar sanyi a kasuwar Utako, tana nan a akwati har yau ban taɓa sa ta ba. Na ce wa Oga zan yi gyaran, in sa shi a shafi na biyu da kwanan watansa na gaskiya, amma shafin farko yadda ya fito haka zai je.

Haka kuwa na tsaya a gaban baƙin nan, manyan riguna da kwat cike da ɗaki, na haska takardar a bango na ce ga abin da na yi hasashe, ga abin da aka gani, nawa bai kai ba. Na yi ƙoƙarin nuna musu cewa ratar nan ita ce abu mai daraja, domin ita ke nuna akwai abin da ke faruwa a cikin karon da lissafinmu bai kama ba tukuna. Wani daga cikinsu ya duba agogo, ya tambaya ko in taƙaita masa, mun ci ne ko mun faɗi. Na ce mun faɗi, ranka ya daɗe. Kwamfutocin suka tafi wani sashe, kujerar Turai ta bi su, ƙarin girmana ya yi shekaru yana jira. Oga Yohanna ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata da kyau. Daga baya ne aka ji cewa ba mu kaɗai ba ne, manyan masana a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa su ma nasu layin ƙasa ya tsaya, kuma shi da kansa ya zo ya gaya mini yana sosa ƙeya. Amma ranar da nake ba ku labari ban san da wannan ba. Abin da na sani kawai shi ne na faɗi a gaban jama'a.

Asabar ta zagayo, na tuƙa tuwona, na naɗe takardar nan na sa a jaka. Na sami Baba a rumfarsa da hantsi, kasuwa ta cika, ana ta sauke kankana a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye kular a inda na saba ajiyewa, na shimfiɗa masa takardar a kan buhu. Baba bai yi boko ba, amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana awo ba a koya masa sama da ƙasa. Na nuna masa da yatsa, wannan nasu ne na gaske, wannan nawa ne. Ya daɗe yana kallo.

“Naki bai kai ba.”

“Bai kai ba, Baba.”

“Ba yadda za a yi ki ɗaga shi?”

“Akwai. An ma ce in ɗaga.”

“Manyan naku sun ga wannan ɗin? Haka, yadda yake?”

Na ce sun gani, na gaya masa abin da ya biyo baya, har zancen rigar sanyi ban rage ba. Ya naɗe takardar a hankali, bai mayar mini ba, ya cusa ta a aljihun gaban rigarsa. Bayan rasuwarsa a cikin akwatinsa muka same ta, tare da takardun filinsa, ita ce wadda kuke gani a bangon ɗakina kuna tambaya me ya sa na rataye aikin da bai yi daidai ba. Ya juya yana kallon masu sauke kaya, har na fara tattara mayafina zan tashi. Sai ya leƙa rumfar maƙwabcinsa ya ce masa ya wanko hannu ya zo. Ya jawo kular da kansa, ya buɗe, ya yi bisimilla, ya kai loma. Ni dai ina durƙushe, hawaye na zuba, ban ko share ba. Ya kai ta biyu, ya tauna, ya dube ni.

“Uwata,” ya ce, “wata bakwai ba ki da mai gaya miki gaskiya. Gishirin miyar nan ma bai kai ba.”